An cire min kuɗin VPN ɗin da na goge tun bara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar waya ku taimaka min. Yau da asuba na tashi na tarar da alat, an cire min kuɗi daga kati, wai kuɗin VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake in yana intanet. Ni kuwa wallahi rabona da manhajar nan ya fi wata takwas, na goge ta tun lokacin da wayata ta cika ta fara nauyi. Na shekara biyu na biya da farko, kuma a lissafina wa'adin ma bai cika ba, saura kusan mako biyu. Abin da ya fi ƙona min rai, wanda suka ɗiba yanzu na shekara ɗaya ne tak, amma ya kusa kai abin da na biya na shekara biyun. Wannan ba sata ba ce?

Abba: Wa alaikumus salam Anti. Ke kin goge su, su ba su goge ki ba 😂

Malam Isa: Abba a ajiye wasa tukuna, kuɗin mutum ake magana. Injiniya, kana kusa?

Injiniya Bello: Ina nan Malam. Sannu Hajiya. Goge manhaja ba ya soke komai. Kamar ki kama hayar ɗaki ne, ki kwashe kayanki ki jefar da makulli, ba ki gaya wa mai gida ba. Shi a littafinsa har yanzu kina ciki. Manhajar tana wayarki, amma izinin cire kuɗin yana can wajen wanda kika bai wa lambar kati. Shi ya sa kafin komai zan tambaye ki: a ina kika biya? Ta Play Store, ta App Store, ta PayPal, ko a shafin kamfanin kika zuba lambar katinki? Inda aka ƙulla, nan ake kwancewa.

Maman Hanifa: Android ce wayata. Ina jin ta Play Store ne, tun da can na sauko da ita.

Injiniya Bello: Saukowa daban, biya daban. Buɗe Play Store, ki taɓa hotonki da ke sama ta hannun dama, ki shiga sashen biyan kuɗi da rajista, sai ki buɗe jerin rajistocinki. In ta nan kika biya za ki ga sunan VPN ɗin da ranar sabuntawa, da maɓallin sokewa a ƙasa. In kuma kina da asusun Google fiye da ɗaya a wayar, ki duba kowanne.

Maman Hanifa: Na duba duka biyun. Babu komai, fayau.

Injiniya Bello: To ba Google kika biya ba. Koma kan alat ɗin ki karanta sunan wanda ya cire. In da ta hannun Google ne, sunan Google zai fito a farko. In sunan kamfanin ne ko wani suna da ba ki sani ba, a shafinsu kika biya.

Maman Hanifa: Sunan wani kamfani ne mai kama da nasu. Yanzu na tuna, a kwamfuta na biya, saboda an ce a shafinsu ya fi sauƙi. Amma tsaya, akwai abin da ya ɗaure min kai. Katin da na yi amfani da shi wancan lokacin ya ƙare tun bara, an ba ni sabo mai wata lamba. Ban taɓa ba su sabuwar ba. Ta ina suka samu?

Hauwa'u: Anti wannan zan iya amsawa, na ɗan taɓa aikin kati. Visa suna da wani tsari da suke kira Visa Account Updater, Mastercard kuma nasu Automatic Billing Updater. Idan katinki ya ƙare banki ya ba ki sabo, bankin na iya tura sabon bayanin cikin tsarin, kamfanin da kika taɓa bai wa izinin cirewa a kai a kai sai ya samu ba tare da ya tambaye ki ba. An yi shi ne don kada abubuwan da mutum ke biya duk wata su tsaya saboda canjin kati. Ba kowane banki ke ciki ba, shi ya sa wani zai ce miki shi da katinsa ya ƙare komai ya tsaya, kuma gaskiya ya faɗa. Amma dogaro da hakan ganganci ne.

Alhaji Garba: Ni fa ban ga satar da aka yi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar da kika biya akwai rubutu a ƙasan maɓallin, kin karanta? Ba ki karanta ba, kin danna. Yarjejeniya ce, sun cika nasu ɓangaren. Mu daina ɗora wa wasu laifin kasalarmu.

Maman Hanifa: Alhaji, da girmanka, rubutun da ko da tabarau ba ya karantuwa? Kuma abin da aka yi shekara biyu da suka wuce?

Barista Nura: Ranka ya daɗe Alhaji, a takarda kana da gaskiya, amma ba nan maganar ta tsaya ba. Yarda ta gaskiya ita ce wadda mutum ya san abin da ya yarda da shi. In aka rubuta rangwamen da manyan haruffa masu launi, aka ɓoye farashin sabuntawa a ƙasa da ƙananan haruffa ruwan toka, an san abin da ake yi. Kuma ba mu kaɗai ke kuka ba, hukumomi ma sun gani. A Jamus tun 1 ga Yulin 2022 doka ta tilasta wa masu sayar da irin wannan rajista ta intanet su sa maɓallin sokewa a fili a shafinsu. A Indiya babban bankin ƙasar ya sa ƙa'ida tun 2021 cewa sai an sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin a cire masa kuɗin da ke maimaituwa. A Amurka hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya ta fitar da ƙa'ida a Oktoban 2024 cewa sokewa ta zama da sauƙi kamar shiga, sai dai wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025, saboda hukumar ta tsallake wani mataki wajen tsara ta. Duk da haka a Satumban 2025 Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don sasanta ƙarar da FTC ta shigar a kan yadda ake shigar da mutane Prime, tsarinsa na rajista mai sabunta kanta, da yadda fita ke wuya. In da danna maɓalli ya wadatar a matsayin hujja, da ba a biya ko sisi ba.

Alhaji Garba: Wannan Amurka da Jamus ne Barista. Kamfanin da ya cire mata yana wata ƙasa, ita tana wata. Wa zai kai wa ƙara?

Barista Nura: Nan kam na ba ka. Ba shari'a nake cewa ta yi ba. Ina dai cewa kada a ce mata laifinta ne ita kaɗai.

Malam Isa: Ku dawo kan hanya, baiwar Allah tana jiran mafita.

Injiniya Bello: Hajiya abu uku ne daban-daban, mutane na cakuɗa su: kashe sabuntawa, neman a dawo da kuɗi, da goge asusu. Na ukun kada ki kusance shi yanzu, domin in asusun ya tafi, hujjarki da hanyar magana da su sun tafi tare. Fara da shiga shafinsu ta burauza, ba ta manhaja ba, da yawansu ba sa sa maɓallin a cikin manhaja. Ki nemi sashen biyan kuɗi, ki kashe sabuntawar atomatik. Za su tare ki da shafi biyu ko uku: kin tabbata? me ya sa za ki tafi? ga rangwame, ga watanni kyauta. Maɓallin ci gaba da biya shi ne babba mai launi, na sokewar ƙarami ne kamar ba a so ki gan shi. Ki bi a hankali har sai kin ga an rubuta cewa rajistar za ta ƙare ranar kaza. In har yanzu kalmar sabuntawa ce a jikin ranar, ba ki gama ba. Ki ɗauki hoton allon, ki kuma jira imel na tabbatarwa.

Maman Hanifa: Na shiga shafin, yana ce min babu asusu da wannan imel ɗin. Ni na shiga uku.

Injiniya Bello: Ba ki shiga ko ɗaya ba. Da wani imel kika yi rajistar. Duk akwatunan imel da kike da su, ki rubuta VPN a wurin nema, har da sashen tallace-tallace da na tarkace. Inda rasit ya fito, shi ne.

Abba: Ni duk wannan wahalar ban san ta ba. Na kyauta nake amfani da shi, ba kati ba alat. Ku da kuke da kuɗi ku yi ta fama.

Injiniya Bello: Ƙanina, banza ba ta kai zomo kasuwa. VPN duk abin da ke fita daga wayarka ta hannunsa yake bi, kuma riƙe sabobi, wato manyan kwamfutocin da layin ke bi ta cikinsu, a ƙasashe kuɗi ne. In ba kai ke biya ba, tambayi kanka wa ke biya. A 2015 aka gano wani VPN mai suna Hola na sayar da layin intanet na masu amfani da shi kyauta, wasu na wucewa ta kansu. Onavo kuma VPN ne na Facebook, yana tattara bayanan manhajojin da mutane ke buɗewa, a 2018 ya bar App Store saboda ƙa'idojin Apple, a 2019 aka rufe shi. Ban ce duk na kyauta mugu ba ne, akwai kamfanoni masu sayarwa da ke ba da ɗan ƙaramin sashe kyauta don ka ɗanɗana. Amma wanda ba ka san mai shi ba, gudun gara ne ka faɗa gidan zago. Sannan da yawan masu cewa kyauta gwajin kwana uku ne ko bakwai, ka danna yarda da yatsanka, ranar da ya cika a fara cira duk mako.

Abba: To ai ni ban sa kati ba.

Hauwa'u: Ka taɓa sayen wani abu a Play Store?

Abba: Sau ɗaya, wani wasa.

Hauwa'u: To katinka na nan a ajiye. Je ka duba 😂

Anti Zainabu: Ni shawarata mai sauƙi ce. A samu kati guda na sayayyar intanet kawai, a bar shi wayam. In za ka sayi abu ka zuba daidai kuɗin. Su zo su cira mu gani.

Hauwa'u: Dabara ce mai kyau Anti, ni ma haka nake yi, amma kariya ce, ba sokewa ba. In suka gwada ba su samu ba, ba haƙura suke yi nan take ba, suna sake gwadawa bayan kwanaki. Ranar da kika zuba kuɗi don wani abu daban, kafin ki kai ga biya sun riga ki. Na ga wanda haka ta faru da shi, ya zuba kuɗin jarrabawa, cikin minti biyu rabi ya tafi.

Sadiya: Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ni da gangan na bar nawa yana sabunta kansa. Aikina na yawan kai ni amfani da wayifai na otal da filin jirgi, ba na son ranar da zan buɗe kwamfuta in tarar ya mutu ban sani ba. Ba kowa ne ya bar shi a kunne don mantuwa ba.

Injiniya Bello: Hujja ce 'yar'uwa, kuma ga mai amfani da shi kullum ba laifi. Sai dai ki duba nawa ake cire miki yanzu, ki kwatanta da abin da suke tallata wa sabon shiga a shafinsu na farko. Farashin da ake gani a talla na zangon farko ne kawai, daga nan sai a koma cikakken farashi, kuma sau da yawa shirin shekara biyu yana juyewa ya zama na shekara-shekara. Wato tsohon abokin ciniki mai biyayya shi ke biyan mafi tsada. In kika kashe sabuntawar ba abin da kika rasa, kwanakin da kika biya suna nan har su cika. Kusa da ƙarshe su da kansu za su fara turo miki rangwame suna lallashi.

Sadiya: Na duba. Kai. Bari in yi shiru.

Barista Nura: Akwai ma wanda ya bar tsarin gaba ɗaya. Mullvad, wani kamfanin VPN na Suwidin, ya daina karɓar sabuwar rajista mai sabunta kanta a 2022, dalilinsu shi ne tana tilasta musu ajiye bayanan biyan kuɗin mutane na dogon lokaci. Su ko imel ba sa tambaya, lamba 16 suke ba ka ta zama asusunka, ka biya na watannin da kake so, in ya ƙare ya tsaya. Ba talla nake musu ba, misali ne cewa ana iya yin kasuwancin ba tare da an riƙe katin mutum ba.

Maman Hanifa: Alhamdu lillahi na samo! A tsohon imel ɗina na makaranta ne, wanda rabona da shi har na manta kalmar sirrinsa, sai da na sake wata. Kuma ga abin haushi, sun turo saƙo wata guda da ya wuce cewa za su cira, yana kwance cikin tallace-tallace tsakanin saƙo ɗari da wani abu da ban buɗe ba. A ciki sun rubuta cewa kwana 14 kafin wa'adi suke cirewa. Shi ya sa lissafina bai yi daidai ba.

Alhaji Garba: To kun ji. Sun ma sanar da ita.

Maman Hanifa: Alhaji ka bar ni da abin da ya dame ni 😩 Injiniya, na kashe, sai da na wuce shafi huɗu. Yanzu ya rubuta zai ƙare baɗi. Kuɗina fa?

Injiniya Bello: Wannan shi ne mataki na biyu, kuma kashe sabuntawa ba ya dawo da kuɗi da kansa, sai kin nema. Ki shiga wurin hira da masu kula da abokan ciniki a shafinsu yau ɗin nan, kada ki kwana. Na'ura ce za ta fara amsa miki, ki yi ta cewa mutum kike so. Ki faɗi abu uku a taƙaice: ba ki yi niyyar sabuntawa ba, ba ki yi amfani da shi ba tun da aka cira, kina son a mayar miki da kuɗin duka. Ki sani, alkawarin dawo da kuɗi cikin kwana 30 da suke tallatawa, a wajen da yawansu sayen farko kawai ya shafa, don haka suna iya cewa ba dole ba ne. Amma ga wanda ya zo da wuri kuma bai taɓa kunna shi ba, sau da yawa suna sakewa. Kada ki sake sauko da manhajar ki kunna, ko don gwaji.

Anti Zainabu: Me zai hana ta je banki kawai ta ce ba ta san da cinikin ba?

Hauwa'u: A'a Anti, kada ta faɗi haka, ba gaskiya ba ne, kuma kamfanin zai fito da shaidar ranar da ta yarda, ƙorafin ya faɗi. Banki mataki na ƙarshe ne, kuma ya fi ƙarfi ga wanda ya soke aka kuma cire masa bayan sokewar. Nan ne hoton allo da imel ɗin tabbatarwa ke aiki. Za su ma tambaye ta ko ta fara magana da kamfanin.

Malam Isa: Injiniya, masu iPhone fa? An tambaye ni ta gefe.

Injiniya Bello: Su shiga saitunan waya, su taɓa sunansu a can sama, su buɗe rajistoci. Apple na so a soke aƙalla awa 24 kafin ranar sabuntawa, kada a jira ranar. In an riga an cira, kamfanin VPN ba zai iya mayarwa ba don kuɗin na hannun Apple, sai a nema a shafin Apple na kai ƙorafi. Na Google kuwa, cikin awa 48 na farko ana iya nema ta Play Store, bayan nan galibi sai a tura ka wajen masu manhajar. Wanda ya biya ta PayPal ya soke a shafin kamfanin, ya kuma shiga saitunan PayPal ya cire izinin biyan atomatik, ya rufe ƙofa biyu.

Anti Zainabu: Bari in ƙara wani abu da ya taɓa ba ni wahala. Lokacin da nawa ya ƙare, wayata ta daina shiga intanet kwata-kwata. Ga data, ga sabis cike, amma ko saƙo ba ya fita. Na cire layi na mayar, na kashe na kunna, kwana biyu ina zagin kamfanin layi a banza. Ashe a saitunan Android na taɓa kunna abin nan da ke sa VPN ya zauna a kunne kullum, da na ƙasansa mai toshe duk wata hanyar da ba ta bi ta VPN ba. VPN ya mutu, shi kuma mai gadin yana nan bai bar kowa wucewa ba. Ɗana ne ya shiga sashen VPN na saituna ya kashe su biyun, nan take saƙonni suka fara zubowa kamar ruwan sama.

Injiniya Bello: Wannan ya kama mutane da yawa. Madalla da kika tuna.

Maman Hanifa: Jama'a ga yadda ta kaya. Na'urar ta juya ni kusan minti goma, sannan aka haɗa ni da mutum. Ya fara da cewa zai rage min rabi in zauna, na ce a'a. Ya ce ya ƙara min wata uku, na ce a'a. Na kwafi maganar Injiniya na sake liƙa masa ita yadda take. Sai ya ce ya amince, kuɗin zai dawo kati cikin kwanakin aiki biyar zuwa goma, ya turo lambar shaida ta imel. Na ɗauki hoton hirar duka. Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Alhaji.

Malam Isa: Amin. In ya shigo ki sanar da mu.

Abba: Anti Hauwa'u na duba fa. Akwai wani abu na gyaran hoto da ke cin kuɗina duk mako tun watan jiya. Ni na ɗauka cajin banki ne.

Alhaji Garba: Injiniya, wannan wurin da ka ce a taɓa suna a sama. Na shiga don in gani kawai. Akwai guda biyu a ciki, ɗaya ma ban san ko na mene ne ba, ina zargin jikana. Na danna sokewa, amma har yanzu suna nan ba su ɓace ba.

Injiniya Bello: Ranka ya daɗe, ba za su ɓace ba sai kwanakinsu sun cika. Karanta min abin da aka rubuta a gaban ranar.

Alhaji Garba: Bari in ɗauko tabarau.